SHIN JIYA TANA IYA TSAYA WA GOBE SHAIDA?

Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in ka ajiye su kusa da juna sai ka ga kamar jayayya suke yi. Na farko ya ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na biyu kuwa ya ce, ba kullum ake kwana a gado ba. Na farkon yana koya mana cewa abin da ya wuce manuniya ne ga abin da ke tafe. Na biyun yana jan kunnenmu kada mu saki jiki da abin da muka saba gani. To, wanne za mu kama, wanne za mu bari?

Wannan tambaya tsohuwa ce, malamai da masana falsafa sun daɗe suna kai da komowa a kanta. Abin da ya sa muka ɗauko ta yau shi ne ta sake dawo mana cikin sabuwar riga, ta shigo har cikin ɗakunan kwanan ɗalibai. Daga Kano zuwa Sakkwato, daga Gusau har Anka da Gummi da Bukkuyum, duk inda saurayi ya mallaki babbar waya ana iya nuna masa wani zane mai hawa kamar matakalar bene, a ce masa: dubi abin da wannan dabara ta samar cikin shekara goma da suka wuce, kawo kuɗinka. Nufin wannan maƙala shi ne mu auna nauyin wannan shaida, sa'an nan mu duba haƙƙin da ke wuyan mai nuna ta da wanda ake nuna wa.

Mene ne gwajin baya?

Ga wanda bai san harkar ba, bari mu yi masa bayani a taƙaice. Akwai kamfanonin dillanci da ke buɗe wa mutum asusu ta intanet, ya zuba kuɗi, ya riƙa cinikin kuɗaɗen ƙasashe ko zinariya ko man fetur, ba tare da ya taɓa ganin kayan da idonsa ba. Hawa da saukar farashi kaɗai yake bi. Manhajar da ta fi yaɗuwa a wannan harka ita ce MetaTrader 4, wadda kamfanin MetaQuotes ya fitar a 2005, da ƙanwarta MetaTrader 5. A cikinsu mutum yana iya tsara ƙa'ida, misali ya ce: in farashin yau ya haura matsakaicin farashin kwana 50 da suka wuce, a saya, in ya sauko ƙasa da shi, a sayar. Sai ya danƙa wa kwamfuta wannan ƙa'ida ta riƙa zartarwa dare da rana, kamar yaron shago wanda ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya musu da ubangidansa. Wannan shi samari ke kira robot, watau mutum-mutumin ciniki.

Kafin a saki wannan yaro da kuɗi, akan gwada shi. Sai a ɗauko farashin shekarun baya a ce masa: da kai ne a kasuwa daga 2015 zuwa 2024, me za ka samu? Cikin 'yan mintoci kwamfuta ta bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, ta lissafa riba da asara, ta fito da zane. Wannan shi muke kira gwajin baya.

Hujjar masu dogara da shi

Adalci ne mu fara da abin da ke goyon bayansa, don kuwa ba shirme ba ne. Ɗan Adam ba shi da malamin da ya wuce jiya. Manomi a ƙasar Gummi yana sanin lokacin shuka ne saboda daminun da ya gani da waɗanda ubansa ya gani. Ɗan kasuwar hatsi ya san cewa farashi yakan karye da kaka, ya tashi da tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, kuma bisa wannan sani ne mutane da yawa suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya. Wanda ya ce ba zai dubi baya ba sam, to da me zai yi tafiya? Hasali ma, mai gwada dabararsa kafin ya zuba kuɗi ya fi wanda ya faɗa kasuwa ido rufe hankali nesa ba kusa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Saboda haka ba mu da ja da yin gwaji. Inda maganar take shi ne, iyakar me gwajin ya tabbatar? A nan ne ake samun tuntuɓe, kuma tuntuɓen iri uku ne.

Tuntuɓe na farko: ɗinka wa jiya riga

A ce tela ya auna mutum ɗaya, ya ɗinka masa riga daidai da kafaɗarsa da tumbinsa da ƙusumbinsa, har ba wani wuri da ya rage. Rigar za ta zauna masa ɗas. Amma ranar da aka ba wani ya sa, sai a ga ta zama abin dariya. Haka mai gwajin baya yakan yi ba tare da ya ankara ba. Ya gwada kwana 50 bai ga riba ba, sai ya mai da shi 47. Ya ga wata babbar asara ta faɗo ranar Juma'a, sai ya hana yaronsa ciniki ranar Juma'a. Ya yi ta gyara, ya yi ta datsewa, har zanen ya miƙe sumul. A ganinsa ya gano sirrin kasuwa, alhali kuwa jiya kawai ya ɗinka wa riga, gobe kuma jikinta dabam ne.

Lissafi ma yana nuna haka. A tara mutum 1,024, a ba kowa kwabo ya jefa sama sau goma. Bisa ƙa'idar lissafi, ana sa ran a sami mutum ɗaya wanda kwabonsa zai faɗi ta gefen da aka zaɓa duk sau goman. Shin wannan mutum gwani ne? Ko kusa. Yawan masu jifa ne ya haifar da shi. To kwamfuta tana iya gwada dabara dubu kafin a idar da sallar la'asar, kuma dole ne a cikin dubun nan a sami wadda ta yi kyau bisa sa'a kawai. In aka ɗauko ta aka nuna maka, aka ɓoye sauran 999, an nuna maka gaskiya, amma an yaudare ka da ita.

Tuntuɓe na biyu: kasuwar takarda ba ta da ƙaya

Gwajin baya yana faruwa ne a duniyar da komai ke tafiya daidai. A can, duk farashin da ka nema shi ake ba ka. A kasuwar gaske kuwa akwai ratar da dillali ke ci tsakanin saye da sayarwa, wadda takan buɗe baki daidai lokacin da kasuwa ta rikice. Akwai kuɗin da ake cira in ciniki ya kwana. Akwai kuma rancen da dillali ke yi wa mai asusu, inda da naira ɗaya zai juya ta ɗari. Wanda ya cika hannu da irin wannan rance, in farashi ya juya masa baya da kashi ɗaya cikin ɗari kacal, jarinsa ya tafi. Kuma wanda ya rasa rabin jarinsa, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya koma inda ya fara.

Mu mutanen Zamfara muna da ƙarin darasi a nan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka ɗauki makonni ba kira ba intanet. Wane gwajin baya ne ya taɓa lissafa wannan? Mai ciniki a buɗe a wannan rana ba shi da halin ko leƙa asusunsa. Bugu da ƙari, akwai abin da kwamfuta ba ta iya kwaikwayo, watau zuciyar mutum. A takarda asarar wata uku layi ne da ya ɗan lanƙwasa. A zahiri kuwa rashin barci ne, da kunyar haɗa ido da wanda ya ba ka rance. Ba banza ba ne hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi.

Tuntuɓe na uku: duniya tana sake hali

Wannan shi ne mafi zurfi, don ko an kauce wa biyun farko shi yana nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Tahafutul Falasifa cewa ganin abu biyu suna biye da juna kullum, kamar wuta da ƙonewar auduga, al'ada ce da muka saba gani, ba hujja ce ta cewa tilas ne su ci gaba da haka ba. Bayansa da shekaru ɗari shida da wani abu, wani masani ɗan ƙasar Sikotilan, David Hume, ya zo da irin wannan magana a 1739. Ya nuna cewa in ka ce gobe za ta yi kama da jiya saboda kullum haka ake yi, to ka kafa hujja da abin da ake tambayarka hujjarsa. Mu kawo misali na gida. Ragon layya da aka ɗaure tun watan Rajab, kullum ana kawo masa dusa da harawa, in da zai yi gwajin baya, sakamakon zai nuna masa cewa maigida masoyinsa ne. Kowace safiya shaidarsa ƙara ƙarfi take yi, kuma ranar da ta fi ƙarfi ita ce jajibirin Sallah.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tatsuniya ce. A Amurka an kafa wani kamfanin zuba jari a 1994 mai suna Long-Term Capital Management, a cikinsa har da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 1997. Lissafinsu ya ginu a kan yadda farashi ya saba tafiya. A watan Agusta na 1998 Rasha ta kasa biyan bashinta, kasuwa ta yi abin da ba ta saba ba, kamfanin ya yi asarar wajen dala biliyan 4.6 cikin 'yan watanni. Haka kuma daga 2011 babban bankin Suwizalan ya tsare kuɗin ƙasar a kan iyakar faran 1.20 ga kowane yuro. Shekara uku da 'yan watanni duk mai gwajin baya zai ga wannan iyaka kamar dutse. Ranar 15 ga Janairu, 2015, bankin ya janye hannunsa ba sanarwa, cikin mintoci asusun dubban mutane suka ƙone, dillalin nan Alpari na Ingila ya durƙushe. A nan gida, a watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 kafin watan ya ƙare, a farkon 2024 kuma ta haura 1,400. Ko 'yan kasuwar hatsi, masu tsohuwar ƙa'idar saye da kaka, da yawansu da suka tara masara da tsada a ƙarshen 2024 sun ga farashi ya sauka a 2025 maimakon ya hau.

Amma darasin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi ciwo, yana ƙasar Anka da Bukkuyum. Tun zamanin Turawa ake neman zinariya a wannan yanki. Da farashinta ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, mutane suka ƙara himma, aka riƙa kawo duwatsu cikin gidaje ana niƙawa ana wankewa. Duk abin da iyaye da kakanni suka gani bai nuna musu cewa dutse yana kisa ba. Ashe duwatsun da ake kawowa a wannan karon cike suke da dalma. A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa, sa'an nan yara. A watan Maris na shekarar ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa ta MSF ta lura da yawan mace-macen, bincike ya tabbatar da gubar dalma a Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu, Allah Ya sa masu ceton iyayensu ne. Waɗannan iyaye ba sakarkaru ba ne, neman halak ɗinsu suke yi, kuma sun yi aiki da iyakar abin da jiya ta koya musu. Abin da ya cuce su ba ya cikin littafin jiya. To wanda ke zaune yana cinikin farashin zinariyar nan a waya, me ya sa yake zaton nasa littafin ya cika?

Haƙƙin mai nunawa

Yanzu mu dawo kan ɗabi'a, wadda ita ce zuciyar maganar. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tarin sai ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi da rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. A lura, mutumin bai yi ƙarya da baki ba, busasshen da ke sama ma na gaske ne. Laifinsa shi ne zaɓen abin da ido zai gani.

Mai tallar robot da zanen gwajin baya yana kan wannan siraɗi. In ya gwada dabara ɗari ya nuna ɗaya, ya ɓoye danshi. In ya fara zanen daga shekarar da ta yi masa daɗi, ya ɓoye danshi. In bai faɗa cewa kuɗin da ke cikin zanen ba a taɓa riƙe su a hannu ba, ya ɓoye danshi. Rubuta gargaɗi da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan shafi ba ya wanke shi, matuƙar ya san ba wanda zai karanta. Kuma akwai tambayar da ya kamata ya amsa: in yaronka yana ninka kuɗi, me ya kai ka sayar da shi a kan 'yan dubbai?

Ƙarshen wannan hanya mun gan shi. A watan Disamba na 2016 MMM ta rufe asusun mutane. A watan Afrilu na 2025 CBEX ta rushe, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan cewa kwamfuta mai basira ce ke yin cinikin, hukumar SEC kuma ta bayyana cewa ba ta yi mata rajista ba. Waɗanda suka shiga ba haka kawai suka shiga ba, shaida suka gani: wane ya zuba an biya shi, wance ta zuba an biya ta. Wannan ma gwajin baya ne, irin na ragon layya.

Haƙƙin wanda ake nuna wa

Sai dai ba mai talla kaɗai ke da laifi ba. Mutum yakan yi wa kansa algus fiye da yadda wani zai yi masa. Ɗalibin da ya zauna shi kaɗai da kwamfutarsa, ya yi ta gyara dabara har ta ba shi amsar da zuciyarsa ke so, ya zama shi ne mai sayarwa, shi ne mai saye, shi ne kuma wanda aka cuta. Da kuɗinsa ne kaɗai da sauƙi. Amma sau da yawa kuɗin makaranta ne da uba ya sayar da buhunan gero ya aiko, ko tunkiyar uwa, ko adashin yaya. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane da yawa zuwa gonakinsu, kowace naira da aka aiko wa ɗalibi da gumi da kasada aka same ta. Wanda ya ce wa mahaifiyarsa, na gwada, ba ya faɗuwa, ya ɗauki shaidar da bai isa ya ɗauka ba. Ilmin da ya fi ta shi ne ya ƙara masa nauyi, don ita ta yarda ne da shi, ba da zanen ba. Batun halacci ko haramcin wannan ciniki, da abin da ya shafi riba da garari, fage ne na malaman fiƙihu, kuma wajibi ne a tambaye su kafin a zuba kuɗi, ba bayan an yi asara ba.

To, a daina gwaji ke nan?

A'a. Abin da ake nema shi ne a san matsayinsa. Gwajin baya shaida ne mai ƙarfi wajen kore dabara, mai rauni wajen tabbatar da ita. In dabara ta faɗi a kan jiya, to ka huta, ka tsira da kuɗinka. In ta ci, abin da ka sani kawai shi ne ba ta faɗi ba tukuna. Mai gaskiya yakan raba shekarunsa biyu, ya gina dabara a kan kashi ɗaya, ya rufe ɗayan bai leƙa ba sai ya gama, sa'an nan ya gwada sau ɗaya tak, ya karɓi abin da ya fito. Yakan rubuta adadin dabarun da ya gwada ya zubar. Yakan sa kuɗin dillali cikin lissafi. Yakan bar yaron ya yi watanni a asusun gwaji a kan farashin da ke gudana. Bayan duk wannan, ba ya zuba abin da in ya tafi gida zai girgiza, kuma ba ya taɓa amanar wani.

Kammalawa

Ashe karin maganar nan biyu ba jayayya suke yi ba, aiki suka raba. Ta Laraba da Juma'a tana koya mana yin shiri, ta kwana a gado tana koya mana barin wuri ga abin da ba mu sani ba. Jiya tana iya ba da labarin abin da ta gani, amma ba ta iya rantsuwa a kan gobe, don ba ta je can ba. Sanin gobe sai Allah. Wanda ya ɗora wa jiya rantsuwar da ba ta yi ba don ya karɓi kuɗin wani, ya ci amana. Wanda ya ɗora mata don ya kwantar da hankalin kansa, ya yi sakaci da abin da aka ba shi riƙo. 'Yan'uwa ɗalibai, mu ne ake kawo wa waya a gida a ce duba mana wannan ko gaskiya ne. Ranar da aka kawo, mu sa hannu har ƙasan tarin kafin mu ba da amsa. Allah Ya ba mu halak mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani, amin.